Ranar da Aka Raba Saja da Kofur

Duk wanda ya san gidan Baba Ebenezer a Zuru, ta bakin tsuntsayensa ya fara saninsa. Tun kafin ka hango katanga za ka ji ihu kamar ana yanka akuya, sai ka shigo ka tarar da wasu manya-manyan aku biyu cikin kejin ƙarfe a ƙarƙashin mangwaro, bayansu shuɗi shar, ƙirjinsu ruwan ɗorawa, jelarsu ta fi hannuna tsawo. Ɗaya Saja, ɗaya Kofur. Baba ne ya ba su muƙamin, kuma har Ubangiji ya kira shi bai ƙara wa ko ɗayansu girma ba.

Ni ce Dinah, 'yarsa tilo mace, tsakanin yayana Solomon da ƙanena Joel. Mijina soja ne. Ya tafi arewa maso gabas cikin kaki bai dawo ba, sai na kwaso keken ɗinkina na koma ɗakin baya a gidan Baba. Tun daga nan wankin keji da abincin tsuntsaye suka faɗo kaina, ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba.

Yadda Baba ya same su kuwa, babu Kirsimetin da ba ya ba mu labarin. Bayan ya ajiye kaki ya yi aikin gadi a tashar jiragen ruwa a Legas. Wata rana wani ma'aikacin jirgi ya sauko da kwali yana wani irin wari, Baba ya ce a buɗe. Mutumin ya ajiye kwalin ya ari ta kare. A ciki 'ya'yan tsuntsu ne an cusa su kan juna, an naɗe musu baki da salatif, duk sun mutu sai biyu a can ƙasa suna motsi. Baba ya zura su cikin rigarsa ya kai gida. Kullum in ya zo daidai wurin warin nan sai ya tura kwanon abincinsa gefe.

Ba kaji ba ne da za a watsa musu tsaba a wuce. Kwakwar manja suke so, kuma Baba yana da direbobin manyan motoci da ke kawo masa daga kudu. Ƙwallon da ni sai na sa dutse nake fasawa, su sai su juya shi a baki sau ɗaya ka ji ƙas. Suna cin gwanda da gwaba da mangwaro da ɗanyar masara. Piya kuwa Baba ya ce guba ce a gare su, ko ɓawonta ba ya yarda a yar kusa da keji. Sannan ga cin ƙasa. Sai da suka rarake gefen tsohon rumbunmu kafin Baba ya gane, ya riƙa ɗebo musu curin laka daga bakin rafi. Ni dai na ce masa masu ciki na sani da cin ƙasa, ya ce in kama bakina in ba sojojinsa abin da suke so.

Suna magana ma, kaɗan. Saja ya iya tarin Baba sak, har da kakin ƙarshe. Kofur kalma uku ya riƙe, da muryar Baba: "Margaret, kawo ruwa!" Margaret mahaifiyarmu ce, ta daɗe da rasuwa, amma a bakin Kofur kullum ana aikenta. Da can dariya abin yake ba mu.

Baba ya rasu da damina. Bayan an share makoki, Baffa Philip, ƙanen Baba, ya tara mu a ƙarƙashin mangwaron nan domin rabon gado. A gidanmu maza ake raba wa, mace ta zauna ta kawo ruwa, ta kuma yi shiru. Baffa mutum ne mai son adalci har ya wuce wuri. In ya ga tsintsiya ɗaya sai ya kwance ta ya raba biyu. Joel ya samu gidan Zuru saboda a nan yake koyarwa, Solomon ya samu gonakin ƙauyen Manga saboda can yake noma. Aka raba awaki, aka raba kwanon rufin da ya rage, har kujerun roba. Solomon yana ta cika yana batsewa, don a ganinsa gidan gari ya fi gona.

Sai Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna keji.

"Tsuntsu biyu, ɗiya maza biyu," ya ce. "Wanga kam babu wuya."

Na ajiye butar da ke hannuna. "Baffa, waɗannan ba a raba su. Tun suna cikin kwali tare suke."

"Dinah, an tambaye ki?"

"Ba a tambaye ni ba, amma ni ke ba su abinci. Yaya ma ba ya son su. Ko da yaushe ya zo cewa yake sun cika mishi kunne."

Solomon ya juyo ya sha mur. "Ko ina so ko ba na so, rabona ne. Gida anka ba Joel, tsuntsun ma sai a haɗa mishi? In ma yankawa zan yi, ina ruwanki?"

Na dubi Joel in ga ko zai ce wani abu. Yana can yana danna waya kamar ba a gabansa ake yi ba. Baffa ya ce babba ya ɗauki babba, wato Solomon ya ɗauki Saja, magana ta ƙare.

Solomon ya zura hannu cikin keji kamar mai kamun zakara. Saja ya kama masa yatsa, muka ji ƙara irin wadda ƙwallon kwakwa ke yi, jini ya yi tsartuwa har kan rigar Baffa. Sai da aka lulluɓe Saja da buhu aka danna shi cikin kwandon kaji. Kofur ya riƙa dukan ƙarfen keji da ƙirji yana wani ihu da ban taɓa ji ba duk zamana da su. Maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya mutu kuma. Aka ɗaure kwandon a bayan mashin, Solomon ya ja da hannu ɗaya. Har suka sha kwana muna jin Saja yana kira, Kofur yana amsawa.

Na ce a raina kwana biyu ne, Kofur zai saba. Ban san abin da nake faɗa ba.

Kofur ya daina cin abinci. Na fasa masa kwakwa da kaina, na yanka gwanda ƙanana-ƙanana, ya kalla ya kau da kai. Da safe da yamma yakan hau can saman keji ya fuskanci ƙofar gida ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Da muryar ta ƙare sai ya koma kan jikinsa.

Da farko gashi ɗaya na gani a ƙasa, na share ban kawo komai ba, ai tsuntsu na zubar da gashi. Washegari na ga tari. Na tsaya na kalle shi da kyau, sai na ga da bakinsa yake kama gashin ƙirjinsa, ya finciko, ya saki ya faɗi, ya sake kama wani. Ba sauri yake yi ba. A hankali yake yi, kamar mace na tsince shinkafa. Na daka masa tsawa, na buga keji, ya dube ni da idon nan nasa ya ci gaba.

Kafin dawa ta fitar da kai, tsuntsun nan da mutane ke zuwa daga unguwanni suna ɗaukar hoto da shi ya koma abin tsoro. Ƙirji tsirara, ciki tsirara, cinyoyi tsirara, fata jajir da ɗigon jini, ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa. Kai kaɗai ya rage da gashi, don nan ne bakinsa ba ya kaiwa. Kuma a cikin wannan hali, wata safiya Leah matar Joel tana shanya, sai ta ji muryar Baba a bayanta, a dushe: "Margaret, kawo ruwa."

Ta saki bokiti ta kwasa a guje tana kiran sunan Yesu.

Leah ta san tsuntsun na faɗin haka tun ranar da aka kawo ta gidan. Amma jin muryar mamaci daga bakin abin da ya tuɓe kansa tsirara daban ne. Ta tara matan zumunta na coci, suka kewaye keji da waƙa da addu'a, wata har da yayyafa mai. Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce Baba ne bai yarda da rabon ba, wasu suka ce jifa aka yi wa gidan ya faɗa kan tsuntsu. Mutane suka riƙa leƙowa ta saman katanga, su kalla, su rufe baki su koma. Ni kuma haushi ya ishe ni, don duk masu addu'ar nan babu wadda ta tambaya ko ya ci wani abu.

Na kira Solomon a waya in ji labarin Saja.

"Lafiyarshi lau," ya ce, ya kashe.

Daga ƙarshe na je na samu Malam Jabiru, likitan dabbobi da ke bayan layinmu, mutumin Argungu ne da aiki ya kawo Zuru. Ya zo da jakarsa yana raha, yana cewa yau kuma ga shi an mayar da shi likitan aku. Da ya ga Kofur sai rahar ta tsaya. Ya tuɓe hula ya sake mayarwa.

"Subhanallahi. Madam, wa yay yi mishi wanga aiki?"

"Shi ya yi wa kansa."

Ya duba ko ƙwarƙwata ce, babu. Ya duba ko ciwon fata ne, babu. Ya ce shi gaskiya shanu da tumaki ya sani, amma akwai wata da suka yi makaranta tare, tana aiki a gidan namun daji a kudu. Ya kira ta ta bidiyo ya juya wayar wajen keji. Na ji matar ta ja numfashi. Suka yi ta Turanci da sauri, shi kuma yana juyowa yana faɗa mini da Hausa.

Ta ce sunansu makau, kuma ba tsuntsayen ƙasarmu ba ne, ba ma na Afirka ba. Asalinsu Kudancin Amurka, can ƙetaren teku, cikin dazuzzukan da ruwa ba ya daɗewa bai sauka ba, inda bishiyoyi ke haɗe kai har rana ba ta kai ƙasa sosai. A kogon matattun bishiyoyi masu tsawo suke sheƙa. Da safe garke guda suke sauka bakin kogi su ci laka, abin da na riƙa yi wa Baba tsiya a kai. Ta ce ana ta sare dajin ana mayar da shi gonaki da makiyaya, ana kuma hawa kogo ana sace 'ya'yan a sayar, shi ya sa doka ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Irin namu har yanzu akwai ragowarsu a daji, ko da yake suna raguwa a wurare da yawa, amma akwai wani ɗan uwansu ƙarami mai shuɗin jiki da aka wayi gari babu ko ɗaya a daji, sai na keji da ake kiwo ana ƙoƙarin mayarwa. Ta ce yawancin waɗanda ake sacewa a hanya suke mutuwa. Na tuna kwalin Baba.

Sai ta yi wata tambaya. Malam Jabiru ya juyo. "Tana cewa, shi kaɗai ne?"

Na ba su labarin rabon gado. Sai matar ta tambaya ko na taɓa ganin ɗaya yana ba ɗaya abinci baki da baki. Na ce kullum. Saja yakan girgiza wuya ya dawo da abin da ya ci ya zuba wa Kofur, har nakan ce masa ƙazami. Ta tambaya ko suna gyara wa juna gashi. Na ce ai aikinsu ke nan wuni guda.

Malam Jabiru ya sauke wayar a hankali. "Madam, tac ce waɗanga mata da miji ne. Namijinsu da macensu kama ɗaya gare su, ba a ganewa da ido kamar zakara da kaza. Kuma in sunka haɗu, galibi sai mutuwa. Abin da kike gani baƙin ciki ne."

Shekara da shekaru muna cewa sojojin Baba, sojojin Baba. Sai ga wani abu ya faɗo mini. Wata shekara na taɓa tarar da fasasshen farin ƙwai a ƙasan keji, na yi ta zagin kazar maƙwabta ina mamakin ta inda ta shiga. Ashe Kofur ɗinmu mace ce. Ba ta da kogon bishiya, sai ta saki ƙwanta daga kan sanda ya faɗi a siminti, ni kuma na zo da tsintsiya.

"Tac ce a maido mata da mijinta yau, in da hali," in ji Malam Jabiru. "Jikin ya yi nisa. Allura ba ta da abin da za ta yi nan."

Da Joel ya dawo daga makaranta na tare shi a ƙofa. Ya ce shi ba zai je Manga ya roƙi Solomon komai ba, ko allura ce. Na ce to mu kai masa Kofur, ba roƙo ba ne, kyauta ce. Ya ce ai wannan ya fi muni, sai a ce ya kasa riƙe gadonsa. Na fara ɗaga murya ke nan Leah ta fito da jakarta a hannu. Ta ce ko dai abin nan ya bar gidan ko ita ta bar shi, ya zaɓa. Ban taɓa zaton zan gode wa tsoron Leah ba. Da safe Joel ya aro a-kori-kura, aka ciccibi keji aka ɗora, na lulluɓe shi da zanena na zauna a baya ina riƙe da ƙarfe.

Mun isa Manga rana ta ɗaga. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne shiru. Gidan da Saja yake ba ya shiru. Na diro daga mota, sai na hango kwandon kajin nan a kife a kan rumbu, gefensa a rarake.

Solomon ya fito daga zaure, yatsansa ya warke a karkace. Ya ga Joel, ya ga keji, ya ga fuskata.

"Yaya, ina Saja?"

Ya ɗauke kai. "Ku shigo ku sha ruwa mana."

"Ina Saja?"

"Na sake shi."

Na dafa motar.

"Mi na yi na laifi?" ya ce, murya na tashi. "Tuwo anka ba shi, ya ƙi. Dusa, ya ƙi. Ya cinye kwando, ya cinye ƙofar akurki, ihu tun asuba, yara ba barci. Na ce tsuntsu ne, ga dutse ga daji, shi tafi wurin 'yan uwanshi. Tausayi na ji, Dinah. Da yankawa zan yi da na yanka."

"Waɗanne 'yan uwa? A ina? Dajinsa yana bayan teku, Yaya! Daga nan har inda ƙasa ta ƙare babu wani irinsa sai wannan da ke cikin mota!"

Na fizge zanen daga kan keji.

Solomon ya yi baya har ya taka kaza. Mutumin da na taɓa gani ya kama kububuwa da sanda bai girgiza ba, ya tsaya baki buɗe yana kallon Kofur a takure a ƙasan keji, tsirara, tana rawar sanyi da tsakar rana. Matarsa ta leƙo ta ɗora hannu a ka. Na gaya masa abin da likita ta ce, ban rage masa komai ba. Na ce matar Saja ce wannan, mu muka raba su kamar kujerun roba.

Da ya buɗe baki sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Ya ce tsuntsun bai yi nisa ba. Ana ganinsa a giginyun bakin rafi yana ƙwaƙular 'ya'yansu, ana kuma ganinsa a gaɓa yana cin ƙasa. Amma da dawa ta fara nuna ya shiga gonaki, kuma shi ba kamar ƙananan tsuntsaye jan-baki ba ne da ke tsattsaga, kan dawa guda yake datsewa. Wani maƙwabcin gona ya sakar masa bindiga harba-ka-ruga. An ga gashi ya watse. Tun ranar ba wanda ya sake ganinsa.

"Ka ce mini lafiyarsa lau," na ce.

Ya shiga gaban motar ya zauna kusa da Joel ya nuna hanyar rafi da karkataccen yatsansa.

Muka sauke keji a ƙarƙashin giginya muka ja gefe. Ga gonakin dawa ta ko'ina, ga duwatsu a bayansu, sama fayau babu ko shaho. Kofur ba ta ɗaga kai ba. Na jiƙa yatsa na ɗiga mata ruwa a baki. Na kira Saja har maƙogwarona ya yi zafi, Joel ma ya ajiye girman kai ya taya ni, duwatsu suka riƙa maido mana da muryarmu. Inuwar giginya ta juya ta bar mu a rana, muka ja kejin muka bi ta.

Can da la'asar iska ta taso daga rafi. Kofur ta buɗe ido. Ta kama ƙarfe da baki, ta ja jikinta sama taki ɗaya, ta sake ja. Da ta kai kan sanda sai ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta sake. A na uku ihu ya fito, siriri, a tsage.

Daga can gindin dutse aka amsa.

Solomon ya miƙe zumbur. Muka ga wani abu shuɗi ya taso daga cikin kurmi yana tafiya a karkace, ya sauka kan wata ɗorawa, ya huta, ya sake tasowa. Rabin fiffikensa ɗaya babu, doguwar jelar nan saura guntu, ƙirjinsa duk laka. Ya wuce ta saman kanmu ko kallo ba mu ishe shi ba, ya faɗa kan keji da ƙarfi har ya girgiza. Ya san sakatar tun zamanin Baba. Ya kama ta da baki ya zare, ya tura ƙofa, ya shiga da kansa.

Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Saja ya matsa kusa da ita a kan sanda ya kai baki ƙirjinta zai gyara mata gashi yadda ya saba. Ya laluba nan, ya laluba can, bakinsa yana bin fata, babu abin kamawa. Ya tsaya ya karkata kai ya dube ta. Sannan ya koma kanta, inda gashi ya rage, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya girgiza wuya, ya dawo da dawar mutanen Manga da ya sata, ya haɗa bakinsa da nata.

Ta karɓa. Da idona na ga maƙogwaronta ya motsa. Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Joel ya juya mana baya yana share fuska da hannun riga. Solomon ya tsuguna ya riƙe kansa, ya ce mu tafi da su duka biyun, ya yafe rabonsa, kada ya sake jin an ce tsuntsu nasa ne.

Muka dawo Zuru kafin rana ta faɗi, ina bayan mota ina ta yi musu surutu kamar mahaukaciya, ina cewa gobe zan nemo direban kudu a kawo kwakwa sabuwa. Leah ta gan mu da keji ta buɗe baki za ta yi magana, Joel ya yi mata wani kallo ta koma ɗaki. Na fasa musu sauran kwakwar da ke gida, na ajiye laka, na rufe gefen keji da bargo saboda sanyi. Na bar su jingine da juna.

Da gari ya waye na fito da gwanda a faranti. Kofur tana ƙasan keji a kwance, ƙafafu a dunƙule. Saja yana tsaye a kanta, yana girgiza wuya, yana zuba abinci a bakin da ba ya buɗewa. Dawa ta taru a gefen kanta.

Farantin ya suɓuce daga hannuna. Sai da Malam Jabiru ya zo ya jefa wa Saja tawul kafin muka iya ɗauko ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya ce yunwar ta riga ta cinye ta tun kafin mu tafi, ƙarfin da ta yi kira da shi a bakin rafi shi ne na ƙarshe. Muka binne ta a gindin mangwaro, daidai inda Baffa Philip ya zauna da sandarsa. Na tambayi Malam Jabiru ko za a iya samo wa Saja wata. Ya ce in ma an samo, ta hanyar wani kwalin za ta zo. Na tambaye shi shekara nawa irinsu ke yi. Ya ce suna iya kai hamsin, wasu har su wuce, kuma namu ko rabin tafiyar da ƙyar ya yi.

Na bar ƙofar kejin a buɗe. Bai fita ba. Yana cin kwakwa kaɗan in na matsa masa, yana shan ruwa, ba ya ihu. Wani lokaci da yamma yakan yi tarin Baba, ya dakata, ya karkata kai yana jiran a aiki Margaret ruwa.

Ran Asabar da ta wuce ina shara a gindin keji, tsintsiya ta jawo wani gashi ruwan ɗorawa. Na ɗauka na juya shi. Akwai jini a gindinsa. Na ɗaga kai, Saja yana kan sanda yana kallona, da wani a bakinsa.